Kunyoyin da Na Bari a Bakin Gamba

Ƙanena ya kashe mutum a kan iyakar gona. Ina rubutawa hannuna yana nauyi, amma haka abin ya faru, kuma ba na son in rage ko in ƙara. Gonarmu tana wani ƙauye kusa da Dutsi, layin gamba ne ya raba ta da ta maƙwabcinmu. Wata damina aka ce an ture gambar an ci kunya guda. Gardama ta tashi tsakanin ƙanena da ɗan maƙwabcin, wanda tare suka yi kiwon awaki suna yara. Ƙanena ya buga masa ƙotar fartanya, bai tashi ba. Kotu ta yanke ɗaurin rai da rai, aka kai shi gidan yari a Katsina.

Ni tela ne a Daura, amma gonar ta dawo hannuna. Da na zo huɗa, na tsaya a bakin gambar na kasa. In kunyar nan ta marigayin ce fa? In noma gero a kanta in kai wa Inna ta ci? Na bar ta. Damina ta zagayo, na ga ta kusa da ita ma akwai shakka, na bar ta. Inna takan ce, "Kai da waswasin nan naka, wata rana a kan titi za ka yi shuka."

Shekaru suka tafi. Wurin ya cika da sabara da kalgo, har ba na hango gonar maƙwabcin, ban kuma taɓa iya leƙawa ba. Ƙanena ya koyi aikin kafinta a gidan yari, furfurarsa ta riga tawa fitowa. Duk ziyara tambayarsa ɗaya ce: "Yaya, Inna tana iya zura zare a allura?" Ba ta iyawa. Idonta yana tafiya, ni kuwa ba na ƙarya, sai in ce tana gaishe shi.

Wani ma'aikacin gidan yarin ne ya ce mini gwamna yakan yi afuwa, akwai kwamitin da ke dubawa, amma a irin laifin nan za su so su ji ko masu jini sun yafe. Na tambayi limaminmu, ya ce gwamna ƙofa yake buɗewa, jini kuwa na uban yaron ne. Tun da aka kawo shari'ar Musulunci kowa ya san haka, ni dai so nake in ji daga bakinsa.

Na sayi goro, na mayar don kada a ce sayen jini na zo yi, na sake komawa na saya. Bayan la'asar na sami tsohon, uban yaron, a gonarsa. Sai a ranar na ga wurin ta ɓangarensa. Shi ma ya ja baya, har ya fi ni.

"Tela," in ji shi, "ni na ce ƙasar da ta sha jinin ɗana ba zan ci geronta ba. Kai me ya kore ka?"

"Baba, tsoro nake kada ta zama taku ce."

"Ina kallonka ai, kana auna kunya da ƙafa kamar mai yankan riga."

Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Ban ce kuskure ne ba, don ban san zuciyar ƙanena a lokacin ba. Na ce Inna tana makancewa, tana son ta gan shi. Tsohon ya daɗe yana murza zangarniyar gero a tafinsa.

"Uwar yaron ta rasu tana cewa in yafe, ni ne na kasa. Yanzu na yafe. Amma in ya fito, shi zai sassabe dajin nan da hannunsa. Macizai sun hana jikokina wucewa."

Na yi godiya. Sai kuma waswasin nan nawa ya taso mini. "Baba, yafiya da sharaɗi tana inganta kuwa?"

"Tashi ka ba ni wuri, tela. Bar goron."

Da kansa ya shiga mota zuwa Katsina ya faɗa a gaban kwamitin, ni ina gefensa ina tuna masa abin da bai manta ba. Muka jira har na fara cire rai, sannan sunan ƙanena ya fito gab da wata Sallah. Inna ba ta gan shi sosai ba. Ta shafa fuskarsa ta ce wa ya ba shi izinin tsufa.

Kafin ruwa ya sauka ya sassabe wurin shi kaɗai, ya hana ni taɓa gatari. Geron da ya fito gidan marayu ya kai shi, kuma har yau can yake kaiwa. Tsohon ne ya dasa sabuwar gamba. Na tambaye shi ko ya tabbata nan ne ainihin iyakar, ƙanena ya kama hannun rigata ya ja ni gefe.