Ɗiyar Fari a Bayan Babur

Shekarun baya, tun Faransa na mulkin ƙasar nan, wata Asabar ta farkon damina, da ƙarfe huɗu saura kwata na yamma al'amarin ya fara lalacewa. Na san lokacin ne saboda agogon hannun mahaifina nake kallo. Fuskarsa ba ni da ikon kallo, don haka tun ina ƙarama na saba da agogonsa da takalmansa.

Ni ce ɗiyar fari. Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A Arewa a wancan zamani uwa da uba ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa ɗaukarsa, ba sa yi masa magana kai tsaye muddin akwai hanyar kaucewa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Ana yaye ni goggona, ƙanwar mahaifina, ta ɗauke ni, ko da yake gida ɗaya muke, a wani gari kusa da Tibiri. In mahaifina yana son in ji wani abu sai ya ce wa goggo, "A gaya wa yarinyar nan," ko da kuwa ina tsaye a gabansa. Ni ma dama ba mai magana ba ce. In ka neme ni ka rasa, duba bayan rumbu, ina can da littafi.

Mahaifina malamin dabbobi ne, yana zagaya rugage yana yi wa shanu allura. Wajen aikinsu suka ba shi babur, baƙi mai nauyi, shi kaɗai ne a garin. Ranar Litinin za mu yi jarrabawar gama lakwal, wato makarantar boko ta farko, a Dogon Dutsi, wanda ya ci shi ke wucewa makarantar gaba. Ƴan ajinmu duk maza ne, sun tafi a ƙasa tare da malaminmu tun tsakiyar mako. Baffana, wan mahaifina kuma mai gidanmu, ya ce ɗiya mace ba ta kwana a hanya cikin maza. Dama shi bai taɓa son karatun nan nawa ba. Motar kasuwa da muka sa rai ba ta zo ba saboda ruwa. Sai ya rage mahaifina ne zai kai ni.

Ranar Asabar ɗin goggo ta tafi suna wani ƙauye, don haka matar baffa ce ta shirya ni. Ta zaunar da ni a kan babur a gicciye, ƙafafuna duka biyu a gefe ɗaya, ta ɗora mini akwatin kwano na littattafai a cinya. Ta ja ni baya har sai da ta ga tazarar tafin hannu tsakanina da bayan mahaifina, sannan ta ce mini a kunne, "Ubanki ne. Kada ki kuskura hannunki ya taɓa shi." Mahaifina ya waiwayo kaɗan, ya dubi ƙafafuna, ya dubi hadarin da ya haɗo daga gabas, ya dubi agogonsa. Sai ya buga babur.

Ba mu yi nisa ba ruwa ya sauko. Da farko tafiyar ta yi daɗi, domin rairayinmu in ya jiƙa yakan kama jikinsa, taya ba ta nutsewa. Ni dai hannuna biyu na kan akwati, ina kare shi da gefen mayafi, ina bitar sunayen kogunan Faransa a zuciya. Yau in na tuna dariya nake yi. Na san kogin da ya ratsa babban birninsu, ban san fadamar da ke bayan garinmu tana da santsi ba.

Inda rairayi ya ƙare laka ta fara, hanyar ta yi kwana. Mahaifina ya rage gudu, ya karkata da babur. Ni da na ga bayansa yana matsowa kusa da kafaɗata sai na janye jikina ɗaya gefen, kamar yadda aka gargaɗe ni. Tayar baya ta zame. Abin da na sani kawai ina kwance cikin laka, akwatin yana rungume a ƙirjina.

Ya janye ƙafarsa daga ƙarƙashin babur, salansa ya ƙona masa ƙwauri. Ya tsaya yana kallon ƙafafuna har sai da na miƙe na taka, sannan ya ce alhamdu lillahi, ba da ni ba, da sararin Allah. Fitila ta fashe, kan babur ya karkace. Haka muka juyo gida, yana turawa yana ɗingishi, ina biye da akwati a ka, ruwa na dukanmu.

Faɗuwar ba ta yi mini ciwo ba. Abin da ya biyo baya ne har yau in na tuna raina yake ɓaci.

Da safiyar Lahadi baffa ya zauna a tsakar gida ya yanke hukunci. Ya ce ƙanensa shekara da shekaru yana ratsa fadamar nan bai taɓa faɗuwa ba sai da ya ɗauki ƴar lakwal. Ya ce ko doguwar fadama, aljanar wurin, ta nuna ba ta yarda da tafiyar ba, wanda bai ji maganar manya ba ai ya ji tata. Matarsa, wadda ta zaunar da ni da hannunta, ta ce dama yaran boko ba su iya zama wuri ɗaya ba, wa ya sani ko mutsu-mutsu na yi ta yi. Maƙwabta suka shigo jaje, kowa ya duba ƙafar mahaifina ya juyo ya dube ni. Na ji wata tsohuwa tana cewa ɗiya ta ka da ubanta. Baffa ya ce maganar Dogon Dutsi ta mutu.

Mutum biyu ne suka isa su buɗe baki. Mahaifiyata tana daka, ta ƙara wa taɓarya ƙarfi har turmin yana tsalle, amma uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban mutane. Mahaifina, wanda shi kaɗai ya san abin da ya faru, yana tsugune yana miƙar da kan babur kamar ba da shi ake ba. Na shige ɗakin goggo ina kuka, ba na tsoro ba, na haushi. Abin da aka ce in yi shi na yi, ban ƙara ba ban rage ba. An ɗora ni a kan abin da ban taɓa hawa ba, babu wanda ya ce mini ga yadda ake zama, an hana ni riƙewa, sannan aka ce ni ce mai laifi.

Da hantsi goggo ta dawo. Ta tambaye ni, na ba ta labari dalla-dalla, har da gefen da ƙafafuna suke da gefen da na janye. Ina jin ban taɓa yin doguwar magana irin ta ranar ba. Ta fita ba ta ko ajiye mayafi ba.

"Yaya, kai ka taɓa hawa abin nan?"

Baffa ya ce Allah ya tsare shi.

"To shi da yake ratsa fadama da akwatin allura, ajiye shi yake yi a baya ya ce masa zauna? Ɗaure shi yake yi tamau. Ku kuka aza ɗiya kamar tulu a kan jaki babu igiya, ya faɗi kun ce doguwa."

Baffa ya ce to me take so, yarinya ta rungumi ubanta a ratsa gari da ita? Goggo ta ce ba wanda zai rungumi wani, ita za ta ɗaure ni. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe ya ce shi ya cire hannunsa, amma in aka sake faɗuwa, ko ba a ji ciwo ba, na gama lakwal har abada. Goggo ta ce ta ji.

Ta ɗauko tsohon wandon mahaifina ta sa mini a ƙarƙashin zane, ta naɗe ƙafafun har sau uku. Ta ɗaure akwatina a can baya. Ta sa na hau kamar yadda maza ke hawan doki. Sannan ta fito da majayin da ta goya ni da shi ina ƙarama, ta haɗa shi da wani zane, ta zagayo da shi ta bayana, ta ƙulle a kan cikin mahaifina. Ga ni budurwa ta fara tasowa, an goya ni a ƙofar gida, rabin gari na kallo. Na cusa fuskata a rigarsa don kunya, a nan na fara sanin ƙamshinsa, sabulu da maganin shanu.

Kafin ya hau na ga ya rage wa tayoyin iska kaɗan. Da aka gama ɗaurin ya ce wa goggo, "A gaya wa yarinyar nan, in na karkata ta biyo ni. Kada ta sa ƙafa ƙasa ko ta ji ya zame."

Maganar ke nan gaba ɗaya. Ita ce jiya ta gagara.

Yayyafi ake yi da muka isa fadamar. Wannan karon na buɗe ido na kalli yadda yake yi. Yana guje wa lakar da ke sheƙi, yana bin inda ciyawa ta fito ko inda rairayi ya rufe. Ba ya danna birki a cikin santsi, tun daga nesa yake rage gudu, ya bar babur yana tafiya a hankali ba tsayawa. Ya karkata, majayi ya ja ni, na bi shi. Tayar ta ɗan yi rawa ta daidaita. A wata ƙorama muka tarar ruwa na gudu, ya kashe babur muka jira, a ɗaure, har ya ga wani makiyayi ya ratsa da shanunsa ruwan bai kai gwiwa ba. Kafin magariba muka hango dutsen.

Na ci jarrabawar. Baffa ya ce addu'arsa ce.

Bayan an samu mulkin kai na zama malama, har na sayi ƙaramin babur nawa. Ban taɓa ɗaukar kowa ba, yaro ko babba, ban tsaya na gaya masa yadda zai zauna da inda zai riƙe ba, balle da damina. Ɗana na fari kuwa da sunansa nake kiransa, an yi ta surutu har aka gaji. Ba na zagin kunya, ta gyara mu ta fuskoki da yawa. Amma kunyar da za ta bar yarinya ta faɗi, sannan ta bar ta da laifin, ban yafe mata ba. Na daɗe ina ɗauke da haushin shirun mahaifina a tsakar gidan nan fiye da na bakin baffa.

Sai da ya tsufa ya bar aiki, wata la'asar ana ruwa muna zaune a rumfa ni da goggo, shi yana can gefe a kujerarsa, na yi ƙarfin hali. Na tambayi goggo da murya yadda zai ji, na ce har yau ban gane ba, mutumin da ya san babur kamar tafin hannunsa, me ya hana shi ranar Asabar ɗin nan ya ce in riƙe shi? Goggo ta harare ni. Ruwa ya yi ta zuba daga bakin rumfa. Har na fid da rai, sai ya gyara zama, idonsa a kan ruwan.

"A gaya wa yarinyar nan ba ita ta ka da mu ba. Tun a ƙofar gida na ga zaman bai yi ba. Daga nan har fadama ina buɗe baki in kira ta ina rufewa. Ni na zaɓa mata sunan, amma bai taɓa fita daga bakina ba, ban san ta inda zan fara ba."