Inuwar Inna a Fuskar Waya

Sau ɗaya tak Inna ta yarda aka ɗauke ta hoto. A shekarun tamanin ne, shekarar da auduga ta yi kyau, Baba ya kwashe mu daga ƙauyenmu na wajen Malumfashi zuwa Funtuwa sayayyar Kirsimeti. Mai hoto ya yi ta lallashi ta yi murmushi, ita kuwa ta ɗaure fuska, ta harɗe hannuwa, wai ba ta ga abin dariya ba. Haka ta fito, farin ɗankwalinta ya karkace gefe guda.

Bayan rasuwarta hoton ya zauna a akwati har gara ta gama da shi. Sa'armu ɗaya, yayata ta riga ta ɗauke shi da wayar da ɗanta ya aiko mata. Sai ta sa aka hana wayar barci, ta jingina ta a kan tebur jone da caji, Inna na kallon ɗaki wuni guda. Ni da bakina ba ya shiru, na yi ta mita.

"Yaya, waya fa ba bango ba ce. Za ki kashe ta."

"Da kuɗinka aka saya? Bar ni in ga uwata."

Wayar kuwa ta mutu. Muka kai ta wurin wani dattijo mai gyara kusa da tashar Funtuwa. Ya tashe ta, amma duk abin da ke ciki ya goge, kuma babu wanda ke da hoton a wani wuri. Yaya ta zauna a benci. Ni kuwa na rasa daɗin gaskiyar da na faɗa.

Mai gyara ya buɗe farin shafi don gwaji, ya girgiza kai.

"Mama, fuskar wayar ma ta ƙone, sai an canza. Irin wannan ba ta da fitila a bayanta. Sinadari ake turarawa a kan gilashi, shimfiɗa bisa shimfiɗa, bai kai kaurin ɓawon albasa ba, a ɗakin da ƙura ba ta shiga. Kowane ɗigo da kansa yake ba da haske. Wanda ya daɗe yana ci sai ya gaji, ya dushe."

Ya juyo mana da ita. A cikin farin akwai inuwa: kafaɗu, hannuwa a harɗe, da ɗankwalin nan a karkace. Shi ya fi cin wuta, shi ya fi fitowa.

"Malam, kada ka taɓa ta," in ji Yaya.

Na gode wa Allah da Yaya ba ta ji maganata ba. Ranar Lahadi in mun taso daga coci takan buɗe farin shafin, mu sunkuya mu duba. Inna na nan, har yau ba ta ga abin dariya ba.