Ranar da Na Ɗauko Gwaggo

Har gobe ban manta da ranar da aka fara kirana aikin gaggawa ba. Ga waɗanda ba su sani ba, mu direbobin sa-kai ne: in naƙuda ta yi gardama a ƙauye, mai aikin lafiya ta buga waya, mu ajiye fasinja mu kai mace asibiti. Lokacin ban daɗe da samun horo ba, ina ji da kaina kamar likita.

Damina ce, da hantsi. Inna Rabi, mai aikin lafiyar wani ƙauye bayan Karakkai, ta kira ni: mace tun jiya take fama, ga jini. Na isa ƙofar gidan na tsaya, tunda namiji ba ya shiga. Mata suka fito cikin hijabai. Ɗaya, mai jiki, tana kururuwa tana dafe da ciki. Ban tambayi kowa ba. Na buɗe baya, na kwantar da ita, na taka mota. Na hango mutane a madubi suna ta ɗaga hannu. Wallahi har da ɗaga musu nawa, wai ni jarumi!

Sai da muka kusa titi ta buɗe ido.

“Kai ɗan nan, ina Hindatu?”

“Wace Hindatu?”

“Mai naƙudar mana! Ni gwaggonta ce. Na bar haihuwa tun kana rarrafe!”

Na taka birki. Na juya a guje. Na tarar da Hindatu jingine da katanga, ta cije gefen hijabinta, ko tari ba ta yi. Haihuwar fari ce, kuma a wurinmu abin kunya ne a ji muryarki. Inna Rabi ta dube ni ta ce, “Malam Sani, zagin sai mun dawo. Buɗe ƙofa.”

A asibitin Bungudu aka karɓi Hindatu, aka yi mata ƙarin jini. Ina waje ina jira, har na ji kukan jariri. Uwar ma ta tashi lafiya.

Yanzu a ƙauyen nan Direban Gwaggo suke kirana, kuma ina amsawa. Ku sababbi, in kun isa ƙofar gida, ku tambaya kafin ku kunna mota. Kuma ku nemi wadda ta yi shiru, don a cikin matanmu, mai ciwon ce ba a jin bakinta.