Zakiya Mai Girkin Biki a Gidan Surukan Sadiƙ

A unguwar Hindawiyya ta Jidda, in aka ce Zakiya mai girkin biki, ba sai an ƙara bayani ba. A unguwar aka haife ta, jikar wani mutumin Haɗejia da ya zo Hajji bai koma ba. Ubanta dako ya yi a tashar jirgin ruwan Jidda har bayansa ya ranƙwafa. Tana da shekara goma sha tara iyayen suka rasu, wata biyar tsakani, suka bar mata ƙaninta Sadiƙ yana aji uku na firamare. Da ludayi ta raine shi. Shinkafar biki, tuwon suna, wainar azumi, babu wutar da ba ta tsaya a kai ba. Manema biyu suka janye don ta ce ba za ta shiga gidan da babu wurin kwanan Sadiƙ ba.

Sadiƙ ya girma da baki mai daɗi. Wani ɗan kasuwa ya tura shi Guangzhou, a ƙasar Sin, ya riƙa sayo masa kayan lantarki, shi ke nan shekara takwas bai leƙo gida ba. Ya auri 'yar Musulmin can, Fauziyya, suka haifi mace. Bara ya ce Zakiya ta zo hutu ta ga yarinyar. Sati shida tana zarya wurin kafilinta, Balaraben da iƙamarta, wato takardar zamanta a ƙasar, ke hannunsa, kafin ya amince da takardar fita da dawowa.

Kwana huɗun farko ta ji daɗi. Ta ci taliyar da ake ja da hannu a gaban mutum, ta zauna a teburin da romo ke tafasa a tsakiyarsa kowa na tsoma yankan naman rago. Tsinkayen cin abincinsu suka gagare ta, aka kawo mata cokali. Ta yi Juma'a a wani tsohon masallaci mai lanƙwasasshen rufi. Abu ɗaya ta lura: Sadiƙ ba ya barin ta da surukansa ko na minti ɗaya, shi ke fassara kowace magana, kuma kullum kujerarta ce ta bakin ƙofa.

Rana ta biyar ya fita kasuwa da safe. Hajiya Ma, uwar Fauziyya, ta ja ta kicin don ta koya mata jan taliya. Da hira ta yi daɗi, tsohuwar ta yi magana a wayarta, wayar ta maimaita da Larabci: "Sadiƙ ya ce shekara ashirin kika yi kina aiki a gidan mahaifinsa. Allah ya saka miki. Ba kowace 'yar aiki ke riƙe ɗan maigida haka ba."

Zakiya ta sa aka maimaita sau biyu. Ta ajiye ƙullun, ta wanke hannu, ta zauna a falo har azahar.

Yana shigowa, ana jera abinci, ta tare shi da Hausa.

"Sadiƙ, gidan uban wa na yi wa aiki?"

Ya dubi surukarsa, ya dube ta. "Yaya, mu shiga ciki."

"A nan ka faɗa, a nan za ka amsa."

Ya rage murya. Lokacin neman aure ne, in ji shi, ya ce musu ubansu na da shaguna a unguwar Sharafiyya ta Jidda. Da suka ga hotonta tana girki a tsakar titi, sai ya ce 'yar aikin gidansu ce. "Yaya, mutanen nan ba za su ba ɗan mai dako 'yarsu ba."

"To me ya sa ka kira ni? Don in ga inda ka binne mu, ni da Baba?"

Ta karɓi wayar Hajiya Ma, ta faɗa a hankali da Larabci cewa ita da Sadiƙ ciki ɗaya suka fito, ubansu ɗan dako ne, bai taɓa mallakar ko tebur ba, kuma bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Wayar ta juya maganar. Fauziyya ta fashe da kuka. Hajiya Ma ta tashi ta ɗauki kwanon Zakiya ta mayar kusa da nata, amma Zakiya ta ce halas, shi ke nan, ta ƙoshi.

Hutun sati uku ya ƙare a kwana bakwai. Hajiya Ma da 'yarta ne suka raka ta filin jirgi, don Zakiya ta ce kada Sadiƙ ya kuskura ya ɗauki jakarta.

Tun dawowarta ba ta ɗaga wayarsa ba. Hotunan yarinyar da Fauziyya ke turowa takan buɗe, ta daɗe tana kallo. Maƙwabta in sun tambaye ta ƙasar Sin, sai ta ce abincinsu da daɗi, mutanensu da kunya. Sadiƙ ya roƙi Malam Usuman, tsohon abokin ubansu, ya je ya ba ta haƙuri. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Baba Usuman, wanda ya yi laifin yana da ƙafa." Aka dawo mata da amsa cewa zai zo umra da azumi. Azumin ya zo ya wuce.