Ɗan Fari a Kan Igiya

Ni ne ɗan farin Inna, kuma a danginmu wannan kusan laifi ne da mutum ke yi tun bai san kansa ba. Kakanninmu makiyaya ne. Sun zauna a wani ƙauye gefen Getso suka kama noman gero da dawa, Fillanci ya gudu daga bakinsu, shanun ma suka ragu, amma kunyar ɗan fari ta zauna daram. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi. Ana yaye ni aka kai ni Kabo wurin kakata, can na yi wayo. In na zo hutu sai in jiyo Inna daga madafi tana ce wa ƙannena, "Ku ce wa wancan ga tuwonsa nan." Da na zama malamin makaranta a Gwarzo sai aka yi mini ƙarin girma, na tashi daga "wancan" na koma "malamin nan".

Ba na cewa ba ta ƙaunata. Man shanun da ke kan tuwona ya fi na kowa, kuma in zan koma Kabo kaza ce ake ɗaure mini a bayan keke, ba a faɗin wanda ya bayar. Amma abin da nake so tun ina yaro guda ne, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba don na san dariya za a yi mini. So nake in ji sunana a bakinta ko sau ɗaya. Har furfura ta fito mini ina jira.

Autarmu ta auri wani likita ɗan Madadi, aiki ya kai shi wani tsibiri can tsakiyar teku, ya tafi da ita. Da haihuwarta ta fari ta matso, ya kamata a ce gida ta dawo, amma likitoci suka hana ta doguwar tafiya. Inna ta ce 'yarta ba za ta yi jego a hannun mutanen da ba su san kunun kanwa ba. Baba ya riga mu gidan gaskiya, tsohuwa kuma ba ta tafiya haka ita kaɗai. Aka duba aka ga ni ne mai fasfo, ni ne kuma mai dogon hutu. Da aka gaya mata wanda zai raka ta, sai ta ci gaba da sussukar wakenta.

A jirgi kujerunmu suna manne da juna. Ta juya fuska wajen taga, ta ja mayafi, haka muka keta sararin Allah. Da aka kawo abinci ta ƙi taɓawa. Sai da na gane, na tashi na je na tsaya kusa da banɗaki kamar mai jiran layi, ma'aikatan jirgi suna ta tambayata ko cikina ne ya ɓaci. Da na dawo na tarar ta cinye, ta rufe farantin, ta koma wa tagarta.

Tsibirin kore ne shar, rake da kwakwa ko'ina, ruwan sama kuwa ba ya neman izini. Inna ta dube shi da kyau ta tambayi auta inda mutanen nan suke shanya hatsi. Ta kama aikinta, tana dafa ruwan wanka, tana dama kunu da kanwar da ta ƙullo daga kasuwar Gwarzo. Ni kuwa na zama ɗan zaman falo. Gidan ƙarami ne, in na shigo ta fita, in na fita ta shigo, kamar masu gadin da ke karɓar juna.

Da aka gama wankan jego, tafiyarmu ta matso, surukinmu ya ce ba za mu koma ba mu ga komai ba sai asibiti da kasuwa. Aka bar jaririya wurin wata maƙwabciya ma'aikaciyar jinya, ya kwashe mu zuwa wani wurin shaƙatawa a gindin duwatsu. Abu biyu ake yi a wurin. Da farko a ba ka wata 'yar mota da suke kira bagi ka tuƙa cikin daji har kan dutse, daga can kuma a rataye ka a igiyar ƙarfe ka silale ka tsallake kwazazzabo.

Bagin nan ba ƙofa, ba gilashi, ƙarafa ne kawai da manyan tayoyi da kujeru biyu. A nan rigima ta tashi, irin rigimar da ba a ɗaga murya. Mu huɗu ne, masu tuƙi biyu, ni da surukin. Kowa ya san yadda lissafin zai kasance, auta ta bi mijinta, Inna ta bi ni. Na share kujerar da hannun rigata. Wallahi ji nake kamar yaron da za a kira a ba shi kyauta a gaban makaranta.

Inna ta tsaya da hular kwano a hannu. Ta dubi motar surukinta ta kau da kai, ta dubi tawa ta kau da kai.

"Inna, ki shiga ta Yaya mana," in ji auta. "Nan fa ba wanda ya san mu."

"Ni na san kaina," in ji Inna.

Surukin ya durƙusa a gefe, kansa a ƙasa, ya ce, "To Inna, ko tawa za ki shiga, ita ta bi Malam?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Wannan ai ya fi wancan muni.

Mai yi mana jagora wata budurwa ce 'yar tsibirin, baƙa siririya mai yawan dariya. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ga tsohuwa ta kafe. Sai ta buga kujerar da ke gefenta ta yi wa Inna alama. Inna ta tattare zani ta haye kamar wadda ta saba, aka ɗaura mata bel, aka kifa mata hular a kan mayafi.

Haka na tuƙa da kujera wayam a gefena. Motarsu ce a gaba, tawa na biye. Hanyar duk taɓo ce da saiwoyi, mu faɗa kududdufi mu fito, mu ratsa gonar rake, mu hau gangare injin na kuka. Duk taɓon da tayarsu ta kwaso a fuskata yake sauka. Kuma ina jiyo Inna tana dariya. Dariya sosai, har da salati, duk lokacin da motar ta yi tsalle. Ban taɓa sanin haka dariyarta take ba, domin a gida da na yi sallama take haɗiye ta. Na ji daɗi, na kuma ji haushi, yarinyar da ba ta san ta ba sai yau ta samu abin da ban samu ba.

A kan dutsen akwai wani dandamalin katako da benci, inda masu kallo ke zama. Daga nan ana hango igiyar ta miƙe har ɗaya gefen, ƙasa kuma ruwa ne ke zubowa daga dutse da ƙara kamar injin niƙa. Inna da auta suka zauna. Surukin ya ce shi ya sha hawa, yau ɗaukar hoton bidiyo zai yi da waya. Ban yi niyyar hawa ba, ni da ko tsani ba na so. Amma na ce a raina, in ina reto a sama ai dole ta dube ni.

Aka ɗaure ni ta ƙugu da cinyoyi, aka maƙala ni a wata 'yar tayar ƙarfe da ke gudu a kan igiyar, aka ba ni safar hannu mai kauri. Ma'aikacin ya yi mini bayani, ya maimaita, cewa kada in damƙi igiyar sai na ga na can gefen ya ɗaga hannu, in na damƙa da wuri tsayawa zan yi a tsakiya. Na ce na gane. Na yi bisimilla, ya tura ni.

Sai dai hannun da ya girma a bakin rijiyar Kabo ba ya jin Turanci. Tun muna yara abin da aka koya mana shi ne, in igiya ta fara gudu a tafinka, damƙe ta, in ba haka ba guga ya tafi kuma ka sha duka. Ina jin igiyar nan na zuƙewa a ƙarƙashin safar, kafin in yi tunani na riƙe ta gam. Na tsaya cak a tsakiyar kwazazzabo.

Na fara juyawa a hankali kamar buhun da aka rataye. Ƙasa ta yi nisa, bishiyoyi sun koma kamar ganyen rama. Iska na kaɗa ni, ƙarar ruwa ta cika mini kunne, ga hular kwano ta toshe sauran. Takalmina ɗaya ya zame, na bi shi da ido har ya ɓace. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. In juyi ya kawo fuskata wajen dandamalin sai in hango launin tufafi kawai, ban iya bambance kowa ba. Can wani ma'aikaci ya silalo daga ɗaya gefen, ya maƙale ni da ƙafafunsa, ya ja mu da hannu har bakin dutse.

Na zagayo ta wata gada da ƙafa ɗaya ba takalmi. Auta ta tarye ni da kuka, surukin ya ƙi haɗa ido da ni, na ce dariya yake ɓoyewa. Inna tana ƙarshen benci, ta ba ni baya, ta ja mayafi har goshi. Na tsaya a bayanta ina jira.

"Ki ba shi ruwa," ta ce wa auta.

Shi ke nan abin da na samu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, na kusa mutuwa a gaban matar nan amma al'ada ta fi ni. A hanyar komawa na tuƙa bagin kamar mai faɗa da shi, har jagorar ta tsaya ta ce in rage wuta. Ranar na fid da rai.

Muka dawo gida, rayuwa ta koma yadda take. Duk Juma'a in hau babur daga Gwarzo in je in gaishe ta daga bakin ƙofa, ta amsa daga ciki. Damina biyu bayan nan hawan jini ya kayar da ita. A asibiti ni nake kwana a baranda, ni nake sayo magani, amma in za a ba ta abinci sai na fita. Ranar da jikin ya tsananta ta kira ƙannena ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta sa musu albarka. Da ta zo kaina ta ce, "Ku ce masa na yafe masa, shi ma ya yafe mini." Ina tsaye a ƙafar gadon. Washegari da hantsi ta cika.

Auta ba ta samu jana'iza ba, sai ana cikin zaman makoki ta iso. Bayan la'asar, mutane sun ɗan ragu, ta aika a kira ni bayan rumbu. Idanunta sun kumbura.

"Yaya, akwai abin da Inna ta hana ni faɗa. Ta ce in dai tana numfashi kada in kuskura."

Na ce ina jin ta.

"Ranar da ka maƙale a igiya, ta kira ka."

Ban gane ba, na ce wane irin kira.

"Da sunanka, Yaya. Da takalminka ya faɗi ta zaci kai ne za ka bi shi. Ta miƙe ta ruga bakin katakon, mayafi ya faɗi ba ta sani ba, tana ta ƙwala maka kira da sunanka na yanka, tana cewa ka riƙe, ga ta nan. Sai da ni da jagorar muka rirriƙe ta. Duk mutanen wurin sun juyo. Da aka ciro ka ta ga surukinta a tsaye ya ji komai, sai ta zauna ta rufe fuska."

Na jingina da rumbu. Na tambaye ta hoton da mijinta yake ɗauka, domin waya ai tana kama murya.

"Ta sa an goge kafin ka zagayo. Ba ta san waya ba, amma sai da ta sa na nuna mata wurin ya zama babu komai."

Abin da na jira tun ina yaro ashe an ba ni, a gaban baƙi, da ƙarfin murya, ni kuma ina rataye ruwa ya toshe mini kunne. Kukan da ban yi a maƙabarta ba ya taso mini.

"To faɗa mini yadda ta faɗe shi," na ce. "Ja ta yi ko a gajarce? Faɗi kamar yadda ta faɗa, in ji."

Auta ta share ido da bakin mayafi. Ta buɗe baki, ta ja numfashi, na zuba mata ido. Sai ta sunkuyar da kai.

"Haba Yaya," ta ce. "Ni ta yaya zan kama sunanka?"