Baba Barnaba, Kafintan da Ya Ba da Rufin Majami'armu

Ranar Talata, ashirin da ɗaya ga watan Oktoba na shekarar 2025, da hantsi, Ubangiji ya kira bawansa Barnaba Ɗantani, dattijon ekklisiyarmu ta nan Tawa, bayan jinyar mako uku. Ya bar duniya yana da shekara saba'in da huɗu. Ina cikin aji tare da ɗalibaina matarsa, Mama Tabita, ta kira ni a waya. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Alisabatu, babanki ya huta." Na ajiye alli, na fita na zauna a gindin katangar makaranta.

Baba, ba kai ka haife ni ba, amma shekara goma sha shida ke nan da aka turo ni aikin koyarwa garin nan ban san kowa ba, kai ne ka je tasha ka ɗauko ni da akwatina, ka ce Mama ta share mini ɗaki. Gadon da nake kwanciya a kai har yau aikin hannunka ne. Haka bencinan da muke zama a kai ranar Lahadi. Mutane da yawa za su faɗi irin wannan game da kai. Ni abin da nake so in rubuta shi ne labarin shekarar da ta wuce, domin a cikinta na yi maka gardama a gaban jama'a, kuma ban taɓa ba ka haƙuri yadda ya kamata ba.

Ekklisiyarmu ƙarama ce, ba mu kai gida talatin ba. Akwai ma'aikatan da aka turo daga Maraɗi da Doso, akwai 'yan kabu-kabu, akwai masu gonaki wajen Bambeye. Tsohuwar majami'armu ta ƙasa ce, ta yi mana kaɗan, gara kuma ta ci azarunta. Shekara tara muka yi muna ɗora bulo a kan bulo a filin da ke gefenta, har bango ya tsaya, saura rufi. Mu zumuntar mata muka riƙa tuyar ƙuli-ƙuli muna tatsar man gyaɗa, maza suka yi nasu ƙoƙarin. A farkon daminar 2024 aka sayo kwano da katako da ƙusa, aka jibge a tsakar gidanka, ka lulluɓe da tamfol. Ka ce da zarar an yi kaka za ka hau da kanka ka buga, shi ne aikinka na ƙarshe, daga nan ka rataye guduma. Mama ta ce kowace safiya sai ka ɗaga tamfol ɗin ka leƙa, kamar mai duba jariri.

Sai ga ruwan watan Agusta. Wanda yake garin nan bai manta ba. Ya fara da safe, ya wuni yana zuba, washegari ya sake dawowa a kan ƙasar da ta riga ta sha ta ƙoshi. Ɗakunan ƙasa suka riƙa zama ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar majami'armu ta faɗi. Gida huɗu na 'yan'uwanmu suka rasa ɗakunansu, na maƙwabtanmu Musulmi kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba. Wasu suka fake a azuzuwan makaranta, wasu suka kafa zana a kan kufan gidajensu.

Ranar Lahadin da ta biyo, muka yi sujada a cikin sabon ginin da ba shi da rufi. Da aka gama, Fasto Yusha'u ya ce a tsaya a yi shawara. Kowa ya ɗauka magana ɗaya ce: tunda tsohuwar ta faɗi, a buga kwanon sabuwar ba tare da jiran kaka ba. Sai ka miƙe, ka cire hularka, ka ce:

"Jiya na zagaya unguwa. Na ga Hafsatu, matar marigayi Sadisu mahauci, ita da ɗiyanta biyar ƙarƙashin zana guda, ƙaramar na tari. Mu sa'a ukku mukai ƙarƙashin rufin ga cikin mako, su ko kwana sukai. Ni dai ban iya hawa bisa in buga kwanon ga ina hangen su."

Ni ce na fara tashi. Na ce shekara tara mata na ƙona hannuwansu a kaskon tuya. Na ce a unguwar nan wa ya taɓa ba mu ko ƙusa ɗaya? Na faɗi yadda ake tsokanar yaranmu a hanyar makaranta. Mata da yawa suna gyaɗa kai. Ba ka ɓata rai ba. Ka ce, "Gaskiyarki, ɗiyata. Kwanon ga naku na, ba nawa ba. In kunka ce a buga, gobe da safe in hau." Fasto ya ɗaga shawarar zuwa Laraba.

Ranar Litinin da yamma ka biyo ta gidana, ka ce in raka ka wani wuri. Gidan Hafsatu ka kai ni. Muka gaisa da ita. Ta kawo mana ruwa a moɗa, tana ba ni haƙuri wai tabarmarta ba ta bushe ba, sai dai in zauna a kan turmi. Yarinyar da ka ambata tana kwance a kan buhu, ƙirjinta na ƙugi. Ranar Laraba na ɗaga hannuna tare da masu cewa a bayar da kwanon ga waɗanda ɗakunansu suka faɗi, muka yi rinjaye. Ba kowa ya yarda ba. Gida biyu suka daina zuwa sujada, ɗaya ya dawo wajen Kirsimeti, ɗayan har yau bai dawo ba. Na san abin ya dame ka, domin sau uku ka je gidan da ƙafarka.

Bayarwar ma ba ta zo da sauƙi ba. Magana ta bazu cewa duk wanda ya karɓi kwanon sai ya bar addininsa. Ranar da kuka kai wa Hafsatu nata a amalanke, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, an ce sai mun shiga addininku." Ka yi dariya ka ce, "Wanda yaf faɗi haka bai san ni ba. Ki yi sallarki, ki samu inda za ki rufe ƙofa." Daga nan ka nemi Malam Issouf, dillalin dabbobin nan mutumin Tébaram, wanda unguwa ke jin maganarsa. Shi ya riƙa shiga gaba gida gida, yana nuna inda akwai tsofaffi da masu jego da marayu. 'Yan'uwanmu huɗu su ma sun samu, amma ba su aka fara yi wa ba, kuma babu wanda ya yi ƙorafi a cikinsu. Wata biyu kuna wannan aiki, masu gida suna tayar da bango, kai da mazan ekklisiya kuna bi kuna rufawa. Kana da shekara saba'in da uku kana hawa tsani, Mama tana faɗa, kai kana cewa gobe za ka huta. Ɗaki ashirin da uku kuka rufa kafin kwanon ya ƙare.

Mu kuwa muka kafa rumfar zana a cikin bangonmu, muka ci gaba da sujada. Shekarar ba ta yi mana daɗi ba. Gonakin Bambeye ruwa ya kwanta a kansu, abin da aka girbe bai kai bazara ba. Gero ya yi tsada. Samarinmu biyar suka tafi Agadas neman aiki, ƙungiyar mawaƙa ta koma mutum huɗu. A zafin Afrilu tsofaffi na jiƙa ɗankwali su ɗora a ka kafin a gama wa'azi. Duk da haka ba a fasa ko Lahadi ɗaya ba. Mama Tabita ta kawo shawarar kowace mace ta ɗebi ludayi ɗaya na hatsi ta ajiye gefe kafin ta yi daka, ranar Lahadi a zuba a buhu. Wannan buhun ya ciyar da gidajen da ban san adadinsu ba, namu da waɗanda ba namu ba, kuma sau biyu ni kaina na ci daga cikinsa.

Da daminar bana ta kama, wata Lahadi ruwa ya sauko muna tsakiyar waƙa. Zana ba ta tare komai ba. Muka jiƙe sharkaf, yara na dariya, Fasto ya cusa takardunsa cikin riga. Da muka fito kana matse hularka, ka dube ni ka ce, "Ɗiyata, kin yi nadama?" Na ce, "Kaɗan, Baba." Ka ce, "Ni ma kaɗan." Muka yi dariya. Wannan ne kawai abin da muka taɓa faɗa wa juna a kan maganar.

Da na je gaishe ka a likita, kwana huɗu kafin rasuwarka, numfashinka na yin sama, ka riƙe hannuna ka ce kada mu yarda wani daga cikinmu ya taɓa goranta wa maƙwabta abin da aka yi. Na yi maka alkawari. Na so in ce ka yafe mini abin da na faɗa ranar shawara, sai barci ya ɗauke ka, na ce sai na dawo. Yanzu ga shi na faɗa a rubuce: Baba, ka fi ni gaskiya.

Ranar jana'iza, kafin mazanmu su isa maƙabarta, sun tarar Malam Issouf da mutanen unguwa sun riga sun fara haƙa. Hafsatu ta kwana uku tana zaune kusa da Mama, ita ke dama fura wa masu zuwa gaisuwa. Da zan tafi ta raka ni ƙofa, ta ce, "Malama, duk ruwan da anka yi bana, ko ɗigo bai taɓa ɗiyana ba." Ta koma ciki.

Ubangiji Allah, ga bawanka Barnaba ya dawo gare ka. Ka yi masa jinƙai, ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutawa bayan doguwar gajiya. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Tabita, da 'ya'yansa Irmiya da Rahila da jikokinsa, da Fasto Yusha'u da dukan ekklisiya, da mutanen unguwarmu waɗanda suka yi kuka tare da mu. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sa namu ƙarshen ya yi kyau kamar nasa. Amin.

'Yarka,
Alisabatu Maikano
Tawa