Inde da Jiƙon Anza

Duk wanda ya yi wayo a Madarunfa a shekarun da gyaɗa ta fara tashe ya san Inde. Doguwa ce siririya, ga baki kamar barkono. Ba ta da sarauta, ba ta da ko tunkiya. Abin da ta mallaka a duniya shi ne sanin abin da ke shiga ciki ya zauna lafiya, da abin da ke shiga ya kai mutum kushewa.

Ranar kasuwa sai ta bi layin masu abinci tana leƙa ƙore. In ta ga kifin da aka tsinto matacce bisa tabki aka kyafe aka kawo, sai ta tara wa mai shi jama'a. In ta shinshina ƙuli ta ji warin ruɓaɓɓiyar gyaɗa, sai ta tofar ta ce, "Ke ƴar nan, kai wa kaji, su ma ki roƙe su gafara." Mazan da ke kewaye tulun giya tun hantsi ba su karya ba, har sunayen uwayensu take kira, ta ce su sha kunu ko fura tukuna, in ya so su kashe kansu da la'asar. Mai jego kuwa ba ta da sukuni sai Inde ta ga ta ci kwaɗon rama ko zogale. Ana jin haushinta ƙwarai, amma in ciki ya ɓaci ƙofarta ake zuwa. Ba wanda ya taɓa ganin ta yi dariya har haƙori ya fito, kuma dalilin yana can baya, shekarar fara.

A lokacin tana da ƙuruciyarta, tana auren wani manomi, Abarshi, ɗan gidan da ke yanka jan zakara gindin tsamiya kafin shuka. Ya yanka kuwa, fara ba ta ji ba. Ta sauka kan gero yana fidda kai, ta bar kara tsirara. Kafin bazara rumbu ya zama wurin kwanan ɓera, ɓeran ma an cinye shi. Abarshi ya ɗauki sanda ya yi kudu wajen Katsina neman hatsi, ya bar Inde ita kaɗai cikin gida.

Mutanen ƙauyuka suka gangaro bakin tabki kamar ranar kasuwa. Bado, wanda ake nutsawa a tono cikin laka, ya ƙare ƙaf. Aka ci dusa, aka ci mushe, wasu suka bi mushen. Daga nan kowa ya koma ga anza. Anza itace ne na daji wanda fari ba ya kashewa, ƙwayarsa tana riƙe ciki kamar wake, sai dai ɗacinta dafi ne. Sai an ɓare ta, an tafasa, an jiƙa ana sake mata ruwa har ɗacin ya fita. Uwar Inde, mutuniyar garin Sarkin Yamma can kan tudu, ta koya wa ƴaƴanta tun suna yara: kwana bakwai, ba ragi, wanda ya ci ta kwana shida bai ji maganar uwa ba. Inde kuma ta ga abin da gaggawa ke yi da idonta. Maƙwabcinta Tsoho ya ci tasa kwana biyu da jiƙo. Amai da gudawa suka kama shi, yana birgima yana riƙe kai, kafin jibi an rufe shi.

Inde ta yi yini biyu a daji ta samo abin da ya cika rabin tukunya. Ta ɓare, ta tafasa, ta jiƙa, ta ajiye tsakuwa guda gindin tukunyar don kada lissafi ya ɓace mata. Kowace safiya za ta ƙara ɗaya.

Tsakuwa biyu ke nan sai ga ƙanwarta Nana, wadda ke aure a Gabi, ta shigo tana dafa danga. Wayyo, Inde ba ta gane ta ba sai da ta yi magana! Ƙafafu sun kumbura, wuya ya zama kamar sillen kara. Mijin ya mutu, jaririyar da take goyo ta binne ta a hanya. Nana ba ta yi kuka ba, ba ta da ruwan yin sa. Idonta kan tukunya ya sauka.

"Yaya, mene ne ciki?"

"Anza ce. Saura kwana biyar."

"Biyar," in ji Nana, ta zame ta zauna ƙasa.

Inde ta yi duk abin da mai hannu biyu ke iyawa. An yi yayyafi, tafasa ta fara tsiro, ta bi tana tsinkar ta tun ganye bai buɗe ba, ta dafa ta ba Nana. Ganye kuwa ba ya tsayawa a cikin da ya bushe, yadda ya shiga haka ya fita. Ta yini cikin laka har wuya ta samo bado guda biyu ƙanana, ta gasa, ta ba ta duka, ita ta lashi tokar hannunta. Sauran lokaci kuma tana kan tukunya. Tabki na nan kusa, hannunta kuma ya ƙi zama, sai ta riƙa tsiyaye ruwan tana zuba sabo da safe, da rana, da la'asar. Ko ƙwaya ɗaya ba ta kai baki ba. Maganar uwa na kunnenta, ga kuma tsoron kanta: ta san in harshenta ya taɓa, ba za ta iya tsayawa ba.

Ranar tsakuwa huɗu Nana ta kira ta daga kan tabarma.

"Yaya, ki ɗanɗana mana ko guda. Ƙila ta yi."

"Ba ta yi ba."

"Ke kin ɗanɗana?"

"Haba Nana! So kike in kashe ki da hannuna? Tsoho na can ƙarƙashin ƙasa, shi ma cewa ya yi ƙila. Inna ta ce bakwai, ke kin fi Inna sani?"

"Ban fi ta ba. Yunwa nake ji, Yaya."

Maganar nan ta soki Inde har ƙashi, amma ta daure ta yi fuska. Da za ta fita neman ganye, sai ta ɗora dutsen niƙa kan murfin tukunyar. Da ta dawo ta ga sawun jan gindi daga tabarma zuwa tukunya, da wani sawun na komawa. Dutsen bai motsa ba. Inde ta sauke shi, ta sake ruwa, ta mayar.

Ranar tsakuwa biyar Nana ta daina roƙo. Sai hira take ta yi a hankali, ta furar da uwarsu ke damawa da nonon Fulani in an dawo gona, yadda suke faɗa kan ludayi. Inde ta ce, "Jibi war haka kina ci har ki ture." Nana ta ce to.

Ranar tsakuwa shida, hantsi ya ɗaga, Inde ta dawo daga tabki da tulu ta tarar Nana ta juya fuska ga danga. Ta kira, ta sake kira, ta taɓa ƙafar ta ji sanyi. Saura kwana ɗaya tak, jama'a, kwana ɗaya!

Wata tsohuwa ta maƙwabta, Dije, haifaffiyar bakin tabkin, ita ta shigo taya ta gyara gawa. Suka gama suka naɗe ta cikin tabarmar da ta mutu a kai, suna jiran maza biyu da ke iya ɗaga fartanya. Dije ita ma yunwar ce ke cin ta, ba ta iya kau da ido daga tukunya ba. Ta roƙi Inde ta sauke dutsen, sannan ita Dijen ta sa hannu ta ɗauko ƙwaya guda ta tauna. Ta tsaya. Ta ɗauko ta biyu.

"Ƴata, kwana nawa da jiƙa wannan?"

"Shida. Ki tofar, Iya, sai gobe."

"Sau nawa kike sake ruwa a yini?"

"Uku."

Dije ta dube ta, ta dubi tabarmar, ta so ta haɗiye maganar, amma ta riga ta fito. "Ai bakwai na mutanen tudu ne, masu rijiya mai gaba talatin, da ke sake ruwa sau ɗaya da ƙyar. Mu nan bakin tabki, in ana sakewa haka, kwana uku, in ta yi taurin kai huɗu. Wannan ta daɗe da yi."

Inde ta ce ƙarya ne. Ta faɗa sau biyu, da ƙarfi, kamar mai korar kare. Sannan ta durƙusa ta ɗauki guda ta sa a baki, tana roƙon duk abin da gidan mijinta ke yi wa yanka ya sa ta ji ɗaci. Ta tauna a hankali, ta juya ta kan harshe, ta nemi ɗacin ko ta ina. Babu. Lami take kamar dafaffen wake.

Aka kai Nana kafin rana ta take, ramin ma bai yi zurfi ba don masu haƙa ba ƙarfi. Inde ta dawo ta hura wuta ta dafa anzar, don ba a zubar da abinci a shekara irin wannan. Ta ɗiba wa Dije, ta ɗiba wa masu haƙa, ta zauna inda tabarmar take ɗazu da sauran a ƙwarya. Ta ci tana kuka, hawaye na zuba ciki, hannu bai tsaya ba har ta suɗe. Ta rayu shekara ashirin da wani abu bayan wannan, kuma abin da ya fi ci mata rai, wanda sau ɗaya kawai ta taɓa faɗa wa Dije, shi ne ta ji daɗin abincin nan.